Ƙirgen Edwin

Thelma Oakes ta haura saba'in da 'yan kai ba ta san inda aka yanke cibiyarta ba. Iyakar saninta, wani mai kanti da matarsa sun ɗauko ta daga gidan marayu a Leeds tana 'yar mitsitsiya, suka raɗa mata sunan da take amsawa, suka riƙe ta tsakani da Allah har ƙasa ta rufe idonsu. Gidan marayun an daɗe da rushe shi, takardunsa kuwa duk wanda aka tambaya sai ya nuna wani. Daga rayuwarta ta farko ba ta fito da komai ba sai kalmomi biyar: yan, tan, teda, meda, pip. Tana tuna muryar wata mace tana jero su, da hannu yana bi ta kan kawuna ɗaya bayan ɗaya, in an zo ta ƙarshen sai yatsa ya dungure mata hanci. Fuskar matar dai ta ɓace mata.

Da su take ƙirga saƙarta, da su ta koya wa ɗanta Clive hawa matakala, tana ɗauka waƙar yara ce kawai. Surukarta Bernice ce ta tono zancen, ranar da ta dawo daga yawon hutu da tawul ɗin goge kwanuka, an buga masa hoton tunkiya da wasu kalmomi masu kama da na Thelma. Ashe ƙirgen tumaki ne na tsofaffin makiyayan arewa, kuma kowane kwari da irin nasa. Na jikin tawul ɗin ya yi kusa da nata, amma ba shi ba ne. Thelma ta daɗe riƙe da tawul ɗin, sannan ta ce a kai ta.

Ba gado take nema ba, ba ma ta sa ran samun dangi a raye ba. Abu ɗaya ne yake cin ta tun tana yarinya, ba ta taɓa gaya wa ko mijinta marigayi ba: so take ta san ko ranar da aka tafi da ita akwai wanda ya waiwaya. A ranta ta riga ta yanke cewa baki ne ya yi yawa a gida aka rage ɗaya, washegari kowa ya ci gaba da harkarsa. Wannan tunanin ya tsufa tare da ita, yana kuma yi mata ciwo kamar jiya aka yi.

Suka kama hanya a motar Clive da farkon bazara. Clive mutumin kirki ne, sai dai yana cikin mazan nan da gara su kwana a jeji da su tambayi hanya. Wayarsa ta ce dama, Bernice ta ce hagu, shi kuwa ya miƙe, sai ga su a ƙofar garken wani manomi, karnuka suna yi musu maraba. Bernice ta ce da ta sani ta taho da tanti. Ya ce ai laifinta ne, surutunta ya hana wayar yin tunani. Thelma tana baya da jakar saƙarta a cinya, ba ta tanka musu ba, idonta yana kan katangun duwatsun da suka raba tuddai gida-gida. Kowane tudu ta gani sai ta tambayi zuciyarta ko ta san shi, zuciyar kuwa ta yi gum.

A Wensleydale suka fara. Matasa suka yi musu dariya, suka ce wannan ƙirgen sai a jikin tawul da kofin shayin 'yan yawon buɗe ido. Da ƙyar aka haɗa su da wani dattijo mai gyaran katanga, ya jero musu irin na kakansa, amma tun daga ta ukun suka rabu da Thelma. Ya sa ta maimaita nata, ya karkata kunne, ya ce wannan bakin mutanen ƙetaren tudu ne, su hau su gangara Swaledale.

Hanyar ta yi ta murɗawa tana hawa, tumaki suna kwance a tsakiyar kwalta ba su da niyyar matsawa don kowa. Da suka gangaro, Bernice ta juyo tana murna wai an gano gida. Thelma ta dubi kwarin, gidajen gona warwatse tun daga bakin kogi har inda ido ya gaji, kowanne da rumbun dutse a gefensa. Sanin kwari ba sanin ƙofa ba ne, ba ta da suna, ba ta da kowa da za ta ce a kai ta wurinsa. Ta ji ta fi zama bare a nan fiye da a Leeds, har ta ce wa Clive su sha shayi su juya.

A wani ƙauye suka tsaya, a ɗan gidan shayi mai tebur huɗu. Clive ya ce a kawo musu waina shida, kowa bibbiyu. Matar gidan ta dire faranti ta ce ga shida nan, ta juya. Clive, wanda ba a yi masa wasa da ciki, ya ƙirga ya ga biyar, ya kira ta. Kafin ta ba da haƙuri wani tsoho mai hular ulu a teburin kusa ya fashe da dariya.

"Doreen, yau kuma ƙirgen Edwin kika yi wa baƙi? Tsufa dai ya fara leƙo ki."

"Ka ji da shayinka, Walter, kofi ɗaya tun safe kana ɗumama mini kujera," in ji matar.

Bernice ba ta barin zance ya wuce ta, ta tambayi mene ne ƙirgen Edwin. Walter dama mai saurare yake nema. Ya gyara zama ya ce ai duk kwarin nan in mutum ya ce shida alhali biyar ne, haka ake ce masa. Edwin Harker makiyayi ne a can saman tudu, shi ne na ƙarshe da ya riƙe tsohon ƙirge, amma tun yana yaro ba ya faɗar biyar. Daga huɗu sai ya tsallake zuwa shida. An yi faɗan, an yi tsiyar, an gaji an ƙyale shi, har masu sayen tumaki suka saba, in Edwin ya gama nasa sai su sake nasu. Walter ya ɗaga yatsu yana kwaikwayonsa: "Yan, tan, teda, meda," ya ɗan yi shiru, ya ce, "eza."

Kofin da ke hannun Thelma ya fara kaɗawa a kan farantinsa, sai ta ajiye. Ta tambayi Walter su nawa ne a gidan su Edwin. Ya ce huɗu ya sani, uku sun rasu, saura Edwin, yana nan wurin 'yarsa Brenda, sai dai kan ya tafi. Ta ce ya kwatanta musu gidan. Wannan karon Clive da kansa ya saurari kwatancen har ƙarshe, bai ce uffan ba.

Brenda mace ce kakkaura mai jajayen kumatu, ta fito da takalmin roba tana goge hannu a jikin riga. Ta ɗauka masu neman hanya ne. Thelma ba ta san ta inda za ta fara ba, sai kawai ta jero kalmomin nan biyar a tsaye a bakin ƙofa, ta kuma faɗi zancen yatsa da hanci. Brenda ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta dafa ƙyauren, ta ce su shigo daga ciki.

A ɗakin girki ta ba su labarin, kamar yadda gwaggonta ta ba ta. Su biyar ne. Uwarsu takan jera su a bakin ƙofa ta ƙirga su kamar 'yan tumaki kafin su fita, tun daga Edwin har auta, shi ya sa sunan Pip ya bi autar har aka kusa manta na yankanta, Hannah. Shekarar babbar dusar ƙanƙara uban ya fita tono tumaki bai dawo ba, uwar kuma ciwon ƙirji ya ɗauke ta kafin ciyawa ta fito. Maƙwabta suka raba manyan huɗu, don sun isa aiki. Autar ba ta isa komai ba, sai aka zo da mota aka tafi da ita. Edwin ya bi motar da gudu har gada. Da ya girma ya je Leeds nema ba sau ɗaya ba, ana ce masa ba a ba da labarin yaran da aka riga aka bayar.

Thelma ta ji sunan Hannah, ta juya shi a bakinta, bai yi mata ɗanɗanon komai ba. Gudun nan zuwa gada shi ne ya karya ta. Shekara da shekaru tana zargin mutanen da ba ta sani ba da mantuwa, ashe akwai yaron da ya yarda a mayar da shi abin dariyar kwari guda don kada a cike mata gurbi. Ta yi kuka sosai, irin wanda Clive bai taɓa ganin ta yi ba, har ya rasa inda zai sa hannunsa.

Brenda ta gargaɗe ta kafin su shiga. Ta ce Baba ba ya gane kowa yanzu, ita kanta wata rana yakan ɗauke ta ma'aikaciyar asibiti, kada ta sa rai da yawa. Thelma ta ce ta ji. Ba ta ji ba, don tana tafiya tana gyara gashinta.

Yana zaune a kujera gaban taga da bargo a gwiwa, dogon tsoho da ya rame, manyan hannuwansa a kwance a kan bargon. Hancinsa irin na Clive ne sak. A waje tumaki suna bi ta wata kafa a jikin katanga ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ƙirga su, abin da ya rage masa ke nan. Brenda ta ce, "Baba, ga baƙuwa ka yi." Ya ɗaga kai ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta zauna, ya koma ga tagarsa.

Thelma ta ja kujera kusa da shi. Muryarsa ta dushe, amma karin shi ne, hawa da saukar nan da take ji a kunnenta tun tana yarinya. Yan, tan, teda, meda. Ya yi shirun nan nasa. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Pip," ta ce.

Tsohon ya juyo da sauri. Bai dubi fuskarta ba. Ƙasa ya duba, daidai tsayin gwiwarta, ya leƙa bayan kujerarta, ya leƙa bakin ƙofa. Da bai ga kowa ba sai hasken da ya taso a idonsa ya koma, ya ɗago ya dube ta da ɓacin rai.

"Baiwar Allah, wa ya ce ki faɗa? Ba naki ba ne. Da mai shi."

"Baba, ai ita ce," in ji Brenda. "Ita ce Pip ɗin, ta dawo. Dube ta da kyau."

Ya dube ta da kyau kuwa, furfurarta da tabaranta da jijiyoyin hannunta, ya girgiza kai yana murmushin wanda ake so a yi wa wayo.

"Wannan ai tsohuwa ce. Tamu yarinya ce, ko takalminta ba ta iya ɗaurewa ba." Ya sassauta murya, ya dafa hannun Thelma don kada ta ji haushi. "Kada ki damu, ba ki sani ba ne. Ajiye mata nake yi. In ta zo ita za ta faɗa da bakinta."

Clive ya matso zai yi bayani, ya fara cewa Kawu, Thelma ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta samu amsar da ta zo nema, har ta fi ƙarfin abin da ta roƙa, amma wanda ya ajiye mata ita ba zai taɓa sanin ta karɓa ba. In ta nace, iyaka ta tayar wa tsoho hankali, ta ƙwace masa jiran da yake riƙe da shi. Hannunsa yana kan nata, da ɗumi, da kaushi.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Na bar mata."

"Yauwa," in ji shi. "Daga wace hanya kuka zo? Ba ku ga wata yarinya a wajen gada ba?"

"Ba mu gani ba. Amma za mu duba in za mu koma."

Ya gyaɗa kai, ya gamsu, ya mayar da ido kan taga. Wasu tumakin sun taso, suna turereniya a bakin kafar. Ya ɗaga yatsa ya fara daga farko, Thelma tana bin sa a hankali, muryoyinsu biyu a haɗe. Yan, tan, teda, meda. Ya yi shiru, ita ma ta danne leɓenta da haƙori ta yi shiru, suka jira tare har tunkiya ta biyar ta wuce.