Babban Yatsan Goggo Mairamou

"Miƙo nan, 'yar Kano, ke ba za ta buɗe miki ba."

Goggo Mairamou ta zaro hannu daga cikin zane, ta dangwala babban yatsanta a bayan wayar, sai ta kawo haske. Ƙulu ta gyara goyon 'yarta Fadima ta zauna a bakin katifa. Ɗakin na warin man zafi da kunun da ya huce. Tun da ƙafafun Goggo suka kumbura ta daina fita kasuwar Awendjé sayar da turare, Ƙulu ce mai leƙo ta da abinci.

"Kin gani? Dosiyen Fadima ke nan, duk bayanan ciwonta na tara a ciki. Nan zazzaɓi. Nan abinci. Nan in hannu ya kumbura, yaushe za a zauna gida, yaushe za a ruga lopital wajen likita. Wannan jiya na samo shi, ban ma karanta ba."

"Goggo, kina kwance ma ba ki daina tarawa ba?"

"To me zan yi? In yi hira da kwanon rufi?"

Aure ne ya kawo Ƙulu Libreville. Mijinta Sabitu direban motar katako ne, daga daji zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo, sai ya yi kwanaki ba ya gida. Ranar da likita ya ce Fadima sikila gare ta, da Faransanci ya faɗa, Ƙulu kuwa ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Goggo ce, da ta yi boko a Garoua, ta fassara mata. Daga ranar, duk rubutun da Goggo ta ci karo da shi a intanet kan cutar sai ta adana, ta jera shi a inda ya dace. Kaɗan suka karanta tare, Goggo na juyawa zuwa Hausa, Ƙulu na haddacewa. Sauran suna jiran a sami sarari. Yau girki, gobe mai sayen turare, jibi an ɗauke ruwa.

"Goggo, ki tura min su yau mana. Ko ban iya karantawa ba, zan sami mai karanta min."

"Wa? Yaran nan da za su karanta miki rabi su ce shi ke nan? Magana ce ta rai, ba a ba wa kowa. Bari in ji dama, mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ke dai akwai gaggawa, sai ka ce mai ƙosai a wuta."

Ƙulu ta buɗe baki, sai ta ga yadda ƙirjin Goggo ke hawa da sauka. In ta sake roƙo, tamkar ta ce mata ba za ta tashi ba ne. Wa ke faɗa wa majinyaci haka? Ta haɗiye maganar.

"To, Allah ya ba ki lafiya, Goggo."

"Amin. Juyo min kishiyar tawa in gan ta. Kai, wannan kumatu, tuwona kike sacewa ko?"

Fadima ta ɓoye fuska a bayan uwarta. Wayar ta zame kan zane, ta yi duhu da kanta.

Ranar Alhamis bayan azahar numfashin Goggo ya sarƙe. Ƙanenta Ahmadou ya fita neman taksi cikin ruwan sama, lungun kuwa ya cika, mota ba ta shiga. Kafin ya dawo, Ƙulu ta riga ta rufe mata ido.

Goggo ba ta da mace ta jini a garin, 'yarta ɗaya tana Garoua. Hajiya Bilkissou mai wankan gawa ta ce Ƙulu ta shigo ta zuba mata ruwa. Aka saki labule. Wayar na kan taga, a jikin caji, inda Goggo ta bar ta.

Da aka zo hannun dama, Hajiya ta ce ta riƙe. Ƙulu ta riƙe. Hannun bai gama sanyi ba. Ga babban yatsan nan a tafinta, da sauran lalle a farce. Tsakaninsa da taga bai fi taku ɗaya ba.

"Hajiya," ta ce, "wayarta da yatsa take buɗewa. Akwai abin Fadima a ciki, na ciwonta. Da zan…"

"A'uzubillahi! Ƙulu, gawa ce a gabanki. Amana aka ba mu, ba mu da iko da ko gashinta ɗaya. Zuba ruwa."

Ƙulu ta kwantar da hannun a hankali. Ta ɗauki buta ta zuba.

Bayan sadakar uku ta tare Ahmadou a tsakar gida yana fitar da kaya, ta durƙusa ta yi masa bayani.

"Wallahi Maman Fadima, ba ta bar wa kowa lambar sirri ba. Na kai wa mai gyara, ya ce sai dai a goge komai. An goge, za a aika wa 'yarta. Ai duk suna nan a intanet. Ki nema, za ki samu."

Ta so ta tambaye shi da wane baki za ta nema, kuma wa zai ce mata wannan gaskiya ne, wancan shirme. Sai ta ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin, amin."

Da la'asar sakaliya Fadima ta ƙi nono, ta fara ƙananan koke-koke. Ƙulu ta ɗora kunci a goshinta, da ɗumi, amma ba sosai ba. Ta juya ɗan hannun, ta kasa gane ko kumburi ne ko ƙiba. Ta kira Sabitu, layin bai shiga ba, yana can daji.

Ta goya yarinyar ta fito bakin ƙofa. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Ta tsaya nan da mayafi a hannu, ba ta yafa ba, ba ta ajiye ba.