Inda Ran Lindani Ya Fita

Tun daga kwanar mai gyaran takalma Velaphi Shezi ya hango reshen. Ba tsohon ya fara gani ba, ba kuma matan nan biyu da ke biye da shi lulluɓe da baƙaƙen barguna a cikin zafin hantsi ba. Reshen ya gani, ɗanyen reshen magaryar kura, tsoho Hadebe ya rungume shi a ƙirji da hannu bibbiyu kamar mai ɗauke da jariri.

Tsintsiyar da ke hannunsa ta tsaya cak.

Ya san za su zo. Kowa a unguwar Imbali ya san wanda ya mutu a titi, ko a asibiti, ko a ramin haƙar ma'adinai, gawarsa kawai mota take kaiwa gida. Shi mutumin yana nan inda ransa ya fita, sai wani babba cikin danginsa ya zo da reshe, ya durƙusa a daidai wurin, ya kira shi da sunayen kakanninsa, ya ce masa taso mu tafi. In ba a zo ba, ko aka zo aka yi kira a inda ba nan ba, to nan zai zauna.

Velaphi ya dubi layin rawayan fenti da ya ratsa bakin ƙofar mashayar da yake gadi, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Shi ya shafa shi da hannunsa.

* * *

A da mashayar Zungu ba ta da ƙofa ma, balle layi. Kiɗa ne har asuba, gilashin tagogin unguwa yana rawa, da safe yara su bi ta kan fasassun kwalabe da amai su tafi makaranta. Matar Velaphi, MaDlomo, ita ce ta tara matan cocinsu suka yi ta sintiri a ofishin masu ba da lasisi, har ma'aikatan wurin suka riƙa ɓuya in sun hango farar hularta. Ba su samu an rufe mashayar ba, amma da lokacin sabunta lasisi ya zo, sai aka gindaya wa Zungu sharuɗɗa. A kashe kiɗa da sha biyun dare. A kewaye wurin da katanga, a sa ƙofa, ƙofar kuma ta zauna a rufe sai lokacin buɗewa. A ɗauki mai gadi wanda zai laluba duk mai shiga. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyin: duk ranar da aka zubar da jini a cikin harabar, lasisi ya tafi.

Mai gadin da aka ɗauka shi ne Velaphi. Lokacin ya daɗe a gida tun da masaƙar da yake wa aiki ta sallami mutane, har ya fara jin kunyar zama a bakin ƙofa da rana. Mutanen unguwa suka yi ta tsokanarsa, wai matarsa ta yi wa giya yaƙi ta ciwo wa mijinta ganima. Shi ma yakan yi dariya.

Abin mamaki, sharuɗɗan sun yi aiki. Unguwa ta samu barci. Tsofaffi suka daina toshe kunne da auduga. In biyu sun fara ɗaga murya, Velaphi yakan sa faffaɗan ƙirjinsa a tsakaninsu, ya tura su a hankali har su tsallaka layin, ya ja ƙofa. Abin da ya faru bayan layi ba na Zungu ba ne. Wani lokacin yakan ji ƙarar duka daga can waje, ya tsaya yana kallon ƙarfen ƙofar, yana tambayar kansa ko rage faɗa aka ɗauke shi yi, ko kuwa matsar da shi. Bai taɓa samun amsar da ta kwantar masa da hankali ba, sai dai yakan ce a ransa, ko ba komai yara suna barci.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bai samu damar tura kowa ba. Gardama ce a kan teburin sinuka, tsakanin Lindani Hadebe, saurayin nan mai koyon aikin wayar lantarki, da wani baƙo. Velaphi ya laluba baƙon a ƙofa, bai ji komai ba, ashe akwai wuƙa a cikin takalminsa. Kafin ya ratso mutane baƙon ya riga ya soki Lindani. Lindani ya dafa bango, ya tako har gindin famfon da ake wanke kofuna, ya zauna kamar wanda ya gaji. Velaphi ya tallafo kansa. Saurayin ya dube shi, ya motsa baki kamar zai nemi ruwa, sai jikinsa ya saki. Velaphi ya taɓa riƙe nasa mahaifin a irin wannan lokacin, ya san wannan sakin.

"Kama ƙafafun," in ji Zungu a kunnensa. Sai kuma ya gyara, "A'a, kai riƙe kan, ni zan kama."

Suka tsallaka layin da shi, suka kwantar da shi a gindin fitilar titi, sannan aka kira motar asibiti. Kafin 'yan sanda su iso an wanke gindin famfo tas. Masu sha duk sun watse, waɗanda aka tambaya daga baya kuma babu wanda ya ga komai a ciki, don kowa yana son ya samu wurin zama mako mai zuwa. An kama baƙon. Shi ma bai damu da inda aka ce ya yi ba.

* * *

Jiya da yamma, suna cin tuwon masara da wake, MaDlomo ta ce ta ji a gidan makoki gobe za a je ɗauko yaron da reshe. Ta faɗa ba tare da ta dube shi ba. Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana juya maganar, sannan ya gaya mata komai, har da sakin jikin.

Ita ma ta ajiye nata cokalin. Sai ta ce ita ba ta yarda da zancen reshe ba, shi ma ya sani; wanda ya mutu yana hannun Ubangiji, ba ya gindin famfon kowa.

"Uwarsa ta yarda," in ji Velaphi.

"To uwarsa za ta tafi gida da kwanciyar hankali duk inda ka nuna. Me ya rage?"

"Shi yaron."

"Baban Zama, saurara." Da sunan 'yarsu takan kira shi. Ta ture kwanon gefe. "Kana tsammani in an ƙwace lasisin Zungu zai koma sayar da alayyafo ne? Bayan gidansa zai koma, ba katanga, ba ƙofa, ba sha biyu. Mu koma inda muka fito. Ƙafafuna sun kumbura a kan wannan abu. Kai kuma ka dawo bakin ƙofa kana ƙirga motoci."

Ya ce mata ai wannan sharaɗin ita ta nema, da bakinta, a gaban jama'a. Ta ce ta nema ne don kada a kashe kowa, ba don a riƙa jan gawa ba. Ya ce to ga shi an ja. Ta tashi ta kwashe kwanukan, ya ji ta daɗe tana wanke su fiye da yadda kwano biyu suke bukata.

Bai yi barcin kirki ba. Abin da ya fi damunsa, duk ta inda ya juya maganar matarsa sai ya ga gaskiya ce. Ƙarya ɗaya za ta bar unguwa guda tana barci. Gaskiya ɗaya kuma ba za ta amfani kowa ba sai wanda ya riga ya mutu. Amma shi da aka haifa a ƙauye, wanda ya taɓa zama a tasi kusa da kujerar da aka biya wa reshe kuɗin mota, bai iya sa kansa ya ce mamaci ba kowa ba ne.

* * *

Zungu ya fito daga ciki yana goge hannu da tawul, ya tsaya a bayan Velaphi. Shi ma ya hango su. Maƙwabta sun fara fitowa bakin katangunsu, cikinsu har da shugaban kwamitin tsaron unguwa, wanda duk abin da ya gani da safe yakan isa ofishin lasisi kafin la'asar.

"Shezi," in ji Zungu ƙasa-ƙasa, "ni ma ina da 'ya'ya. Kada ka ga kamar ban ji ba. Amma ka san inda muka same shi."

"Na san inda muka ajiye shi."

"Duk ɗaya ne."

Velaphi ya jingina tsintsiyar da katanga.

Tsoho Hadebe ya iso. Yayan mahaifin Lindani ne, ya taho tun daga ƙauye cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, takalmansa sun yi fari da ƙura. Ya gaishe su da ladabin mutanen da, ya kira Velaphi da sunan zuriyarsa kamar ya san kakansa. Uwar yaron tana tsaye a baya, ƙanwarta tana riƙe da ita, fuskarta a cikin bargo.

Tsohon ya ce 'yan sanda sun gaya musu a gindin fitila ne. Amma 'yan sanda sun zo ne bayan an gama. An ce masa mai gadi ne ya riƙe yaron.

"Ni ne, Baba."

"To na gode maka, ɗana. Bai tafi shi kaɗai ba ke nan." Ya gyara riƙon reshen, wata ƙaya ta kama hannun kwat ɗinsa, ya cire ta a hankali. "Ni ba hukuma ba ne. Ban zo neman mai laifi ba. Tafiyata da nisa, gwiwoyina kuma sau ɗaya za su yarda in durƙusa. Nuna mini wurin kawai."

Velaphi ya ji famfon yana ɗiga a bayansa. Tun ranar yake ɗiga, ko kuwa dama can yana yi, shi ne bai taɓa lura ba. Ya ɗaga kai. A can tsallaken titi ya ga MaDlomo a bakin ƙofar gidansu, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Ba ta yi masa alamar komai ba. A kusa da ita tsohuwa MaCele ce zaune a kan kujerarta tana shan hantsi, wadda ta taɓa ce masa tun da aka sa ƙofar nan ta koma yin mafarki.

Ya tsallaka layin. Ƙafafunsa suka kai shi gindin fitilar. Ya miƙa hannu ya nuna ƙasa.

"Nan ne, Baba."

Tsohon ya dube shi. Kallon bai daɗe ba, kuma babu zargi a cikinsa, abin da ya sa ya fi ciwo ke nan. Ya gyaɗa kai, ya dafa sandar fitilar, ya sauka a kan gwiwoyinsa da ƙyar. Ya shafa reshen a kan ƙasa, ya fara magana a hankali, irin muryar da ake tashin yaro daga barci. Ya kira Lindani da sunansa, ya kira shi da sunan ubansa da na kakansa. Ya ce masa ni ne babanka babba, ga uwarka nan, mun zo mu tafi da kai. Nan ba gidanku ba ne, nan titi ne, ana taka mutum. Taso. Za mu bi ta kwanar mai takalma, mu hau tasi, zan riƙa gaya maka duk inda muka kai, kada ka ji tsoro.

Uwar ta saki wani ɗan sauti a cikin bargo, kafaɗunta suka sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu.

Daga nan tsohon ba zai ƙara yi wa mai rai magana ba sai ya shiga gida, ba zai kuma waiwaya ba. Ya miƙe, ya rungume reshen, ya juya. Mutane suka buɗe masa hanya, maza suka cire huluna. Ana jin muryarsa yana tafe yana cewa ga rami nan, tsallaka, ga mota nan, dakata.

Zungu ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗar Velaphi, ya koma ciki.

Velaphi ya tsaya a bakin ƙofar. Maƙwabta suka shige ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga babu mai kallonsa, sai ya tura ƙyamaren biyu ya wangale su har suka bugi katanga. Ya taka zuwa gindin famfo, ya tsuguna a kan simintin da aka wanke har ya fi sauran wurin haske.

"Lindani," ya ce, muryarsa ba ta fi ɗigar ruwan ƙarfi ba. "Ɗan Hadebe. Ga su can, ba su yi nisa ba. Tashi ka bi su. Yi sauri."

Ya san aikin banza yake yi. Mamaci ba ya amsa kiran wanda ba jininsa ba, shi kuma ko reshe ba shi da shi. Duk da haka ya matsa gefe ya ba da hanya, ya zauna yana kallon titi ta cikin buɗaɗɗiyar ƙofar. Baƙaƙen bargunan suka yi ta ƙanƙancewa, suka kai kwanar mai gyaran takalma, suka sha kwana.

"Shezi!" Zungu ya kira daga ciki. "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe? So kake a ce mun karya sharaɗi?"

Velaphi ya miƙe. Ya jawo ƙyauren ɗaya, ya jawo ɗayan, suka haɗu daidai a kan layin rawaya. Ya zura sakata. A bayansa famfon yana ta ɗiga.