Duro Mai Jan Baki

A shekarun da malaman gona suka fara kawo maganin feshin auduga ƙasar Malumfashi, Amos ya sami aikin gadin sitonsu. A can ya ga kayan zuba ruwa iri-iri, ya dawo gida yana ba matarsa Dinatu labari kamar wanda ya je Ikko. Akwai tanki mai ƙafafun mota da tarakta ke ja zuwa gona, akwai garewanin kananzir, akwai kuma duro-duro na ƙarfe da ake saukewa daga jirgin ƙasa a Funtua. Kowane duro da alamarsa a baki. Mai fari na ruwa ne, mai kore na man ci, mai ja kuwa na maganin ƙwari ne, wanda ko bayan ya ƙare ba a yarda a zuba masa abin da zai shiga ciki ba.

Da shekara ta juyo aka ba shi wofin duro guda uku, fari da kore da ja. Mai jan bakin ya wanke shi da toka da sabulu har wari ya tafi, ya ajiye shi bayan ɗaki don jiƙa ƙasar yaɓe. Dinatu ta riƙe mai koren, don ita sana'arta man gyaɗa ce, kuma Gwaggo Hansai, maƙwabciyarsu mai ƙosai, ita ta koya mata tun tana amarya. Ba addininsu ɗaya ba, amma duk unguwa an san uwa da 'ya ne. Kowace kaka, man farko na Gwaggo ne.

To, Amos mutum ne mai son a ga gidansa tsaf, kuma wannan son ne ya jawo abin da ya jawo. Ana saura mako biyu Kirsimeti aka shafe ƙofofin majami'a da shuɗin fenti, ya roƙo ragowar. Ranar da Dinatu ta tafi sayen gyaɗa Tsiga, sai bawan Allah ya mirgino duro ukun tsakar gida, ya shafe su tun daga gindi har baki, ya jera su a inuwa yana ta sha'awar aikinsa.

"Baban Jane, wanne ne nawa?" ta tambaye shi da ta dawo.

"Na tsakiya mana. Yadda na ɗauko su haka na jera."

Ta sunkuya ta shinshina, ba ta ji komai ba sai fenti. Ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi ma ba ƙarya ya yi ba, mantuwa ce irin ta mutumin da ya tabbata da kansa.

Kwana goma tana suya da niƙa da matsa, har tafin hannunta ya yi kanta. Duk abin da ta tatsa tana juye shi a duron tsakiya. Ranar kasuwa da hantsi ta ɗebi rabin garwa ta kai wa Gwaggo da kanta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Yau da shi zan soya na la'asar."

Da ta koma gida ta kwashe guggubin man duron da ya kwanta a mazubi, ta cuɗa da dusa ta watsa wa kaji, ta shiga harkar ƙuli-ƙulinta. Bayan azahar ta fito shanya, sai ta ga zakaranta a kwance yana karkarwa, wuya a lanƙwashe. Kusa da rumbu ga kaza biyu, ɗaya ta riga ta sandare. Ta tsuguna ta duba su. Ba annoba ba ce, ta san annobar kaji, ba ta zuwa haka cikin rabin yini.

Ta ɗauko wuƙa ta nufi duron. Ta kankare shuɗin fentin a baki, kaɗan kawai. Ja ya fito.

Ba ta tsaya neman mayafi ba, ba ta tuna da wahalar kwana goman ba, ba ta ko kula Amos da ya shigo da kekensa yana tambayar lafiya ba. "Ka kashe mu!" shi ne kawai abin da ta ce masa, ta wuce a guje ba takalmi. Tana gudu tana roƙon Allah ya sa itacen Gwaggo ɗanye ne, ya sa waken bai niƙu da wuri ba, ya sa komai ma.

Tun daga kwanar masallaci ta jiyo ƙamshin. Manta ne, ta san shi kamar yadda ta san muryar 'yarta. Gwaggo na zaune gindin ɗorawa, kasko na tafasa, mutum biyar sun tsaya da kwanoninsu suna jira. Dinatu ta kutsa tsakaninsu ta sa ƙafa ta ture kaskon. Mai ya malale a toka, wuta ta tashi, mutane suka watse suna salati.

"Kada wanda ya ci! Guba ce! An sayar wa wani?"

"Ba a sayar ba tukuna," in ji wani mutum.

Ta durƙusa tana kuka tana godiya. Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dubi Gwaggo. Tsohuwar ba ta motsa daga kujerarta ba, leɓenta na sheƙi da maiƙo, ga guntun ƙosai tsakanin yatsunta.

"Ai ke kin san halina, 'yar nan," ta ce a hankali. "Ba na ba mutane abin da ban ɗanɗana ba. Wannan ne na uku."