Yarinyar Jikin Kwalba

Tun da safen ranar Gwaggo Baraka ta ce masa kada ya tsaya ko'ina a kasuwar Bebeji. Ya je ya ga direban motar gyaɗa, ya juyo gida. Da Gwadabe ya ji maganar ƙanwar uban nan tasa, da watakila labarin ya zama wani daban. Amma ya tsaya, kuma tsayuwar da bai fi ta shan fura ba ita ce ta ci gidansa.

A kakar shekarar 1955 ne. 'Yarsa Asibi, mai shekara bakwai, ta yi wata biyu tana fama. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ciki ya yi tsini, ƙafafu suka zama kamar karan dawa, idanu fari fat. An yi saiwa, an yi turare, an sha rubutu. Daga ƙarshe shi da matarsa Kande suka yanke shawarar kai ta asibitin birni. Abin da ya fito da shi daga Ɗansoshiya ke nan: ya roƙi direba ya ɗauke su jibi, a bisa buhunan gyaɗa. Direba ya yarda.

Yana kan hanyar fita ya ji kiɗan garmaho. Wata 'yar mota ce koriya, da lasifika a kanta kamar bakin kakaki, mutane sun yi mata zobe. Wani mai farar riga da tabarau yana tsaye a bayanta, ya ɗaga kwalba sama.

"Ina masu yaro mai saifa? Ina masu yaro mai ramewa? Ku matso! Ga Raya Jini ya zo har ƙofar gida! Kwalba uku, yaro ya tashi ya kori akuya!"

Gwadabe ya ce a ransa bari dai ya leƙa. Kwalbar ta biyo hannu hannu har ta iso gare shi. A jikinta an manna takarda mai hoto biyu: yarinya ramammiya a kwance, sai kuma ita ɗin dai a tsaye, kumatu cike, tana dariya. Ba hoton ne ya kama shi ba. Rubutun ƙasan hoton ne. Da ajami aka yi shi, baƙi da wasali ras, irin wanda ya koya a zauren Malam Abdussalami kafin noma ya janye shi. Ya sa yatsa yana bi yana haɗawa: "Magani tabbatacce, da izinin Allah. A sha safe da yamma. Kada a haɗa da allurar asibiti sai bayan kwana arba'in. In kwalba uku ba ta isa ba, a ƙara uku."

A duk rayuwarsa bai taɓa ganin baƙaƙen nan a wani wuri ba sai a allo, da littafin malamai, da wasiƙar mutanen kirki. Takardar boko ce yake tsoro, don ita ke zuwa da haraji da sammaci. Amma wa zai ɗauki baƙaƙen da ake rubuta sunan Allah da su ya shara ƙarya?

Ana cikin haka wani mutum ya keto taro, dogo, mai tsagaggen kunne ɗaya. Ya kama hannun mai tabarau ya fashe da kuka.

"Jama'a, sunana Dikko, daga Doguwa na taso don in yi godiya kawai. 'Yata har mun sayi likkafani. Kwalba uku! Yau ita ke yi wa uwarta daka."

Gwadabe ya ji nasa idon ya kawo ruwa. Ya sayi uku, ya naɗe su a cikin rawaninsa, ya koma ya shaida wa direba an fasa.

Da ya isa gida Kande ta dubi kwalaben ta dube shi.

"Malam, motar fa?"

"Ga asibitin nan na kawo miki har ɗaki. Ba girgizar hanya, ba a tsire ta da allura."

Gwaggo Baraka ta ɗaga kwalba ta sansana. "Wannan ai warin ruwan alewa yake. Kai Gwadabe, tun kana yaro duk mai ganga ya wuce sai ka bi shi."

"Gwaggo, da ajami fa aka rubuta. Ni na karanta da idona."

Jin haka tsohuwa ta ajiye kwalbar, don ita ma ba ta jayayya da rubutu.

Asibi ta so maganin. Yana da zaƙi, kuma da ta sha sai barci, ba nishi, ba juye-juye. A makon farko gidan ya samu sauƙin da ya daɗe bai samu ba. Ta ce a ajiye mata kwalbar da ta ƙare a gefen tabarma. Takan kwanta tana shafa kumatun yarinyar hoton da ɗan yatsa.

"Baba, mene ne sunanta?"

"Ke ce mana. Ga ki jiya, ga ki gobe."

"Yaushe goben?"

"In kin shanye ta uku."

Ta shanye ta uku. Cikin bai sauka ba, sai ma ƙafafun suka fara kumbura. Kunun da take kurɓa ma ta daina. Kande ta sami Gwadabe a gindin rumbu, ta durƙusa, abin da ba ta saba yi ba in su biyu ne.

"Malam, don girman Allah mu kai ta. Motar gyaɗa na nan tana zuwa."

"Kwana ashirin yau. Takarda ta ce arba'in. In aka yi mata allura kan maganin nan ta mutu, wa ya kashe ta?"

"To a haka ɗin raye take?"

Ya sake ɗauko kwalbar ya bi layin ƙarshe da yatsa: a ƙara uku. Shi ke nan, ai takardar ma ta san haka na faruwa. Laifin nasa ne da bai sayi shida ba.

Ya koma Bebeji, aka ce koriyar mota ba ta dawo ba, an gan ta ta yi Tudun Wada. Ya aika gida cewa kwana biyu zai yi. A Tudun Wada mai tsiren bakin kasuwa ya ce ai shekaranjiya suka tashi, sun nufi Doguwa. Gwadabe ya tsaya a mararraba, fuska ɗaya gida, fuska ɗaya daji. Ya tuna mai tsagaggen kunne ɗan Doguwa ne. Ko ba komai zai ga yarinyar da ta warke da idonsa, ya kawo wa Kande labari. Ya bi ayarin masu jakuna suka ratsa dajin Falgore, ƙafarsa ta tsage, bai kula ba.

Ya shiga Doguwa da hantsi, kiɗan garmaho ya yi masa jagora. Ga motar, ga mai tabarau, ga kwalba na yawo hannu hannu. Ya fara kutsawa gaba ke nan sai wani dogo ya keto taro, ya kama hannun mai tabarau ya fashe da kuka.

"Jama'a, sunana Dikko, daga Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru na taso don in yi godiya kawai. 'Yata har mun sayi likkafani..."

Gwadabe bai san sanda muryarsa ta fita ba.

"Ɗan gidan wa a Ɗansoshiya?"

Mutumin ya waigo, hawaye na nan a fuskarsa, amma idon a bushe. Mai tabarau ya yi maza ya ƙara ƙarar garmaho, ya ce da taro, "Ku yi masa uzuri, rana ce ta buge shi." Aka yi dariya. Dikko ya jawo Gwadabe bayan mota.

"Kai baƙauye, so kake ka ɓata mana kasuwa?"

"Ina 'yar taka? Nuna mini ita."

"Wace 'ya? Ko aure ban yi ba. Aiki aka ɗauke ni, in yi kuka in ci abinci."

"Mene ne a cikin kwalbar?"

"Oho. Ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba."

"Rubutun fa? Wanda ya ce kada a yi allura?"

"Shi mai gidan nawa ma bai iya karanta shi ba. A ɗaure ake kawo takardun, mu dai manna su muke yi." Sai ya dubi ƙafafun Gwadabe, ya sassauta murya. "Taka ce ba lafiya? Bawan Allah, me kake yi a nan? Koma ka kai ta asibiti."

Kwana uku ya yi a hanyar komawa, inda ƙafa ta gaza ya roƙi mota. Tun daga bakin gari ya hangi tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansa, da mutane zazzaune. Ba wanda ya tashi ya tare shi sai Malam Abdussalami, wanda ya kama kafaɗarsa ya ce jiya da azahar aka kai Asibi makwancinta.

Kande ba ta yi masa faɗa ba. Ta miƙo masa kwalbar kawai. Takardar ta goge daidai kumatun yarinyar, saboda shafa.

"Ta ce a ajiye maka. Ta ce in ka zo a gaya maka ta shanye duka, ba ta zubar ba."

Bayan sadakar uku ya kai wa Malam kwalbar. Tsohon ya karanta a hankali, ya ajiye.

"Malam, baƙaƙen da ka koya mini ne."

"Su ne, Gwadabe. Na koya maka haɗa su. Ban koya maka tambayar wanda ya riƙe alƙalamin ba. Wannan kam da saura a wajena."

Koriyar mota ba ta sake zuwa Bebeji ba. Kwalbar tana nan a cikin rumbun Gwadabe, ya kasa fasa ta, ya kasa kallonta. Har yau bai san abin da ya ɗura wa 'yarsa safe da yamma ba, bai san wanda ya rubuta takardar ba, kuma bai sani ba ko da Asibi ta rayu in da sun hau motar gyaɗa ran nan.