Ƙudajen Auta

Mama na ninke kayan Auta, 'yarta da aka binne makon jiya, sai waya ta yi ƙara. Dogo ne, abokin aikin marigayiyar a ɗakin bincike.

"Mama, na'urar da muke ajiye ƙudajenta ta lalace, zafi ya kashe su kaf. Waɗanda ta kai gida lokacin da ciwo ya kwantar da ita su kaɗai suka rage. Kada kowa ya taɓa su, ga ni nan tafe."

Mama ta san kwalaben: sirara, bakinsu toshe da auduga, abinci daskare a gindinsu. Shekaru Auta ta ƙarar a kan ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Ta taɓa gaya mata cewa a cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaruruwa da ke riƙe ta kamar ginshiƙan ɗaki, da su jijiya ke miƙewa ta kama tsoka. Ita ta sauya zare ɗaya a jikin nata ƙudajen don ta ga abin da zai faru. Mama ta ce, "'Ya'yan mutane na kiwon kaji, ke ƙuda." Auta ta yi dariya har da tari.

Mama na tura ƙofar ɗakin Auta, warin maganin sauro ya buge ta.

"Yaya! Wa ya yi feshi a nan?"

Yayarta ta leƙo riƙe da tsintsiya. "Ni ce. Ƙwari na gani, ga baƙi za su kwana. Laifi ne?"

Mama ta rungumi kwalin kwalaben ta fitar da shi inuwa.

Dogo ya iso jiƙe da gumi, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya riƙa ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da farce. Ƙudajen na zube a ƙasa, ƙafafu sama.

"To ba sai a kamo wasu a bola ba?" in ji Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, irin waɗannan babu su ko'ina. Ita ta samar da su."

Ya ɗauki wata kwalba mai audugar da ta fi kauri, ya kai ta haske. Manyan sun mutu, amma ga 'ya'yansu, fararen tsutsotsi, nutse a cikin abincin.

"Suna da rai?" Mama ta tambaya.

"Ban sani ba. Nata ba sa motsi da wuri, jijiyarsu ba ta kama tsoka sosai ba. Sai an jira."

Mama ta karɓi kwalbar ta zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Yaya ta jingine tsintsiya ta matso. Can sai wata tsutsa ta ɗan lanƙwasa, ta ja jiki da ƙyar, ta tsaya. Ta kusa da ita ma ta motsa.

Dogo ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannu.

"Tashi, ɗana," in ji Mama. "Faɗa mini abin da suke ci."