Minti Biyun Odessa

Minti biyu ake ba kowane mai shaida a gaban kwamitin majalisar jiha. Odessa Pettway ta rubuto jawabinta a takarda: shekara ashirin da shida tana aikin jinya a ɗakin haihuwa, kuma tana goyon bayan dokar da za ta sa asibitoci su binciki abin da ya sa mata baƙar fata suka fi farare mutuwa wajen haihuwa. Ba ta sa sunan Renita ba, wadda ta rasu a ɗakin haihuwarsu.

A baranda ta yi kiciɓis da Cedric, mijin marigayiyar, ɗan cocinsu, 'yarsa a kafaɗa, hoton matar a hannu.

"Anti Odessa, wannan hula haka? Yau 'yan majalisa sun shiga uku!" Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Na gode da kika zo. Da ke ce a kanta ran nan, ai da an saurare ta."

Ita ce a kanta. Ran nan Cedric ya tafi ɗauko surukarsa a tasha lokacin da Renita ta riƙo hannunta.

"Anti, numfashina ba ya isa."

Odessa ta dubi 'yar na'urar auna iskar jini da aka maƙala wa Renita a yatsa, ta ga lamba mai kyau.

"Ke dai raki gare ki, 'yata. Kakanninmu a gonar auduga suka haihu, suka tashi."

Kafin la'asar jini ya daskare a huhun Renita, ta cika. Sai daga baya Odessa ta ji cewa na'urar da haske take aiki, takan yi kuskure a kan baƙar fata. Amma ita ba na'ura ba ce. Da kunnenta ta ji.

Aka kira sunanta. Ta gyara hula, ta zauna, fitilar lokaci ta kunnu. Ta dubi takardar, ta ninke ta.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa shugaban kwamitin, "ni ce na ce wa Renita Tolliver raki take yi."

Ta faɗi sauran kanta a sunkuye, har fitilar ta yi ja, ba wanda ya katse ta.

Da ta miƙe, kujerarta na nan kusa da Cedric. Bai dube ta ba. Ya juyar da hoton ya manna shi a ƙirjinsa. Odessa ta wuce can baya, ta tsaya jikin bango.