Rasit ɗin da Uwaisu Bai Karɓa Ba

Wajen ƙarfe uku na yammacin wata Asabar, cikin Nuwamban 1972, ana yayyafi mai sanyi irin mai shiga ƙashi, Shitu ya tsaya a ƙofar gidan abokinsa Uwaisu a Brooklyn. Bai buga ƙararrawa nan da nan ba. Sai da ya ɗaga kai ya ƙare wa benen kallo, hawa biyu, da jar ƙofa, da ɗan fili a gaba. Duk zuwan da zai yi, sai ya yi wa gidan wannan kallon.

Shi fa ya riga Uwaisu zuwa ƙasar nan da shekara shida. Shi ya ɗauko shi a filin jirgi na Kennedy, lokacin ko rigar sanyi ba shi da ita. Shi ya samo masa aikin wanke-wanke a kicin ɗin asibiti. Ga shi har yau Shitu direba ne a ofishin jakadanci, yana haya a ɗaki biyu a Bronx, wanda ya ɗauko kuwa ya zama mai gida. Da Sallah a gidan Uwaisu kowa ya taru, Hajara matar Shitu ta dawo ta kwana uku tana ba da labarin faɗin kicin.

"Shigo mana, direban manya," in ji Uwaisu da ya buɗe. "Ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

"Mu 'yan haya ai sai an ba mu izini."

Bayan sun gaisa, Uwaisu ya miƙo masa wata doguwar takarda. Turancinsa na baki ne, karatu sai Shitu. Shitu ya bi ta a hankali, ya koma sama ya sake bi.

"Kamfanin da ya ba ka bashin gidan ne ya kai ka kotu. Sun ce wata bakwai ba su ga sisinka ba. Gwanjon gidan suke nema a yi."

Uwaisu ya yi dariya. "A aro maka tabarau ne? Duk biyar ga wata Mista Kolbi yana zuwa nan, in ƙirga masa dala ɗari da tamanin a hannu."

"Ina rasit?"

"Rasit? Haba Shitu! Dillalin kamfanin ne fa, shi ya haɗa cinikin. Ko can gida a Fagge ba ta hannun dillali kuɗi ke bi ba? Mutumin da ya zo sunan 'yata Ladi, ya zauna a tabarma ya ci tuwo da hannu, in dubi idonsa in ce ya rubuta mini takarda? Ai na kira shi ɓarawo ke nan."

Sauda matar Uwaisu ta leƙo daga kicin. "Na faɗa masa, Malam Shitu. Wanda ya shafa fenti kan ruɓaɓɓen katako ya ce sabo ne, me zai hana shi cin kuɗi? Baban Ladi ya ce in yi shiru."

Shitu ya san zancen. Yana yawan karanta jarida in yana jiran maigidansa a mota. Irin waɗannan kamfanoni ba sa asara. In mai gida ya kasa biya, inshorar gwamnati ce ke biyansu kuɗinsu cif, don haka faɗuwar mutum ta fi musu riba. Unguwar nan kaɗai gidaje nawa aka rufe wa tagogi da katako?

Ya bayyana musu haka. Yana magana yana jin wani sanyi-sanyi mai daɗi yana ratsa shi, kunyar kansa ta kama shi, amma daɗin bai tafi ba. Ya hango ranar da Uwaisu zai zo neman ɗakin haya a Bronx, ya hango Hajara ta daina labarin faɗin kicin.

Akwai kuma layi ɗaya a ƙasan takardar da bai fassara ba. An ba da kwana ashirin a kai amsa kotu, in ba haka ba a yanke hukunci babu jin ta bakin kowa. Sha ɗaya sun riga sun wuce. In ya ninke takardar yanzu ya miƙa, babu mai sani. Ya ninke ta biyu. Ya dubi silin mai tsawo, ya dubi matakalar katako, har a wannan hali ji yake ina ma nasa ne.

"Saura kwana tara ka kai amsa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ka bari suka wuce, shi ke nan."

Uwaisu ya daɗe yana kallon fuskarsa. "Ka ji daɗi ko?"

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?"

"Tun da na sayi gidan nan ba ka taɓa sa mini albarka da zuciya ɗaya ba. Yanzu ma na ga bakinka."

Shitu ya ajiye takardar. Ya miƙe, ya yi wa Sauda sallama.

A bakin ƙofa, yana saka takalmi, sai ya tsaya. Ya zaro biro ya ɗauki ambulan ɗin kotun daga kan ɗan tebur. Ya san wani ofishin lauyoyi masu tsaya wa talaka kyauta, kullum yana wucewa ta gabansa. Ya rubuta adireshin da manyan baƙaƙe. A ƙasa ya ƙara da Hausa: Litinin da safe. Ka tafi da Sauda, ita ta ga ana ba da kuɗin.

Uwaisu yana tsaye a ƙofar falo, yana ganinsa. Shitu ya ajiye ambulan ɗin inda ba za a kasa gani ba, ya ja ƙofa a hankali, ya shiga cikin yayyafin.